Yaron Maƙwabta

Ɗana na fari ya kai shekara uku ban taɓa faɗin sunansa ba. Ƴan yanzu in na gaya musu haka sai su riƙe baki, wai mugunta ce. Mugunta a ina? Haka muka taras. A Matameye ta ƙuruciyata, Faransa na nan da kwamandansu, mace ba ta kiran ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita za ta ɗaga shi ba. Kunya ce, wadda ta karya ta kuwa sai ta shekara ana yi da ita a bakin rijiya. Nawa ma ninki biyu ne, don sunan mahaifin mijina aka sa masa. In dole ta kama sai in ce "yaron nan".

Da na yaye shi ya koma ɗakin uwar mijina, wadda muke ce wa Inna. Ita ke ba shi abinci, ita ke yi masa wanka, tana tsokanarsa da maigidanta rago. Ni kuwa ina daka ina satar kallo. Na san yadda yake tafiya in ya ƙoshi, na san kukan yunwa da na rigima, na san ranar da ya fara tsallake dokin ƙofa. Ko Inna ba ta san na sani ba.

A shekarar da nake ba da labari mijina ya tafi Kano cin rani tare da mazan unguwa, gida ya rage mu uku. Bazara ta shigo da zafinta, sai sanƙarau ya ɓullo. Da fari aka ce can wajen Kurni ne, kafin mu ankara ya shigo gari. Aka kafa rumfunan zana a bayan gari, gaba da garake, wato lambunan gari, duk wanda aka samu da ciwon can ake kai shi. Mutane suka ce wanda ya shiga rumfa ba ya dawowa da ƙafarsa, saboda haka kowa ya shiga ɓoye nasa. Ko sunan ciwon ba ma kamawa, sai mu ce abin nan.

Wata safiya yaron nan ya tashi da zazzaɓi. Inna ta ce ɗanyen mangwaro ne da rana, ta jiƙa masa tsamiya. Idon Inna ya fara yana a lokacin, ba ta gani sosai, amma ni ina gani. Da ta miƙa masa kunu a ludayi bai sunkuya ya sha ba kamar kullum, sai ya buɗe baki yana jira, kai a miƙe. Da ta fito da shi tsakar gida ya runtse ido ya yi ƙara. Ina gani, taɓarya na hannuna. Na ci gaba da daka.

Washegari da hantsi likita ya zo unguwarmu. Ba Bature ba ne, wani mutumin Damagaram ne mai furfura a gemu, shi kaɗai ke riƙe da gidan likita na garin, kuma tun da ciwon ya shigo yake bin gida gida. Ya yi sallama ya tsaya a zaure, don ba zai shiga gidan da maigida ba ya nan ba. Inna ta fita. Ina bayan danga ina jin su. Ya tambaya ko akwai marar lafiya, ta ce lafiya lau, ɗan zazzaɓi ne jikanta ya yi, har ya sauka. Ban ga laifinta ba, tsoron rumfa take yi, ni ma ina yi. Amma maganar tana bakina, taku uku ne tsakanina da mutumin. In na yi magana na ƙaryata uwar mijina a gaban baƙo, kuma na nuna wa duniya cewa idona na kan ɗan fari. Na yi shiru har na ji takalminsa ya yi nisa. Wannan shirun har yau ban yafe wa kaina shi ba.

Kwana biyu aka ƙara. Yaron ya daina cin komai, ya kwanta a gefe, ƙeya ta ja baya. Da azahar na ga jikinsa yana karkarwa, Inna na salla ba ta gani ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, na tabbata yaron nan mutuwa zai yi ina tsaye da tsintsiya a hannu. Na yage tsumma na ɗaure yatsana, na ce wa Inna ƙaya ce ta karye a ciki, zan je a cire. Ta ce in yi sauri.

Gidan likita cike yake, har da matan unguwarmu biyu da gwaggon mijina, wadda bakinta ba ya riƙe ko ruwa. Da layi ya zo kaina likita ya kwance tsumman, ya juya yatsan, ya sake juyawa. Babu ko ƙwarzane. Na jira ya kore ni. Sai ya tambaye ni ƴar wane gida ce, na faɗa. Ya daɗe yana kallona, ni kuwa ina kallon ƙasa, hawaye na ɗiga a kan tabarmarsa. Ya ɗaga murya ya ce wa masu jira su ja baya zuwa gindin bishiya, wannan ƙayar ta yi zurfi, yana son haske. Ya ɗauko ɗan hantsaki ya riƙe yatsan kamar mai aiki, ya yi ƙasa da murya.

"Yarinya, ba zancen gidanku nake ba. Ko kin ga wani yaron maƙwabta da ba ya jin daɗi?"

Wallahi kamar ya buɗe bakin tulu. Na ce akwai. Na ce yaron maƙwabtan nan yau kwanansa huɗu, ba ya sunkuyar da kai, ba ya son haske, ya yi amai sau uku, yau ya yi karkarwa. Ya tambaye ni abin da aka ba shi, na lissafa. Ya tambaya ko yana gane mutane, na ce jiya ya gane, yau ban sani ba.  Ya naɗe mini yatsan da farin ƙyalle, ya ce in koma gida in kama aikina, kada in ce wa kowa komai.

Kafin la'asar sai ga shi a unguwarmu tare da tsohuwar da ke yi masa aiki. Bai zo gidanmu kai tsaye ba. Daga bakin lungu ya fara, ya ce yau kowane yaro za a fito da shi a duba, umarni ne. Gida shida ya bi kafin namu, mutum ɗaya da gari guda ke jira, don kawai kada a ce wance ce ta kai magana. Ni dai ina ciki ina ƙirga sallamarsa, ina jin kamar in fita in jawo shi da riga. Da tsohuwar ta fito da yaron, hannu ɗaya ya sa a ƙeyarsa ya ce a ɗauko tabarma.

Inna ta fashe da kuka, ta ɗauki mayafi za ta bi su. Ya ce a'a Inna, jinyar rumfa sai mai ƙarfin ɗebo ruwa, ki ba ni wata yarinya a gidan in akwai. Bai ce uwarsa ba. Inna ta juyo ta ce, "Ke, bi su." Haka na samu na riƙe ɗana a gaban jama'a, a matsayin ƴar aike.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a rumfa. Ba zan ba da labarin abin da na gani a can ba. Kusan kullum sai an fitar da wani a naɗe, kuma duk sanda na ji an ɗaga zana sai in ɗora hannu a ƙirjin yaron in ji ko yana motsi. Likitan yana zuwa safe da yamma da allura da wasu fararen ƙwayoyi da ake daka masa a ruwa. In ya zo sai ya ce yaya yaron maƙwabta, in ba shi labari dalla-dalla, yana saurare har in gama. Sau ɗaya na tambaye shi ko da an kawo yaron tun ranar da ya fara zuwa zaurenmu da abin bai kai haka ba. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce da ya fi, amma yanzu mu ji da abin da ke gabanmu.

Yaron ya tashi. Ya sunkuya ya sha kunu da kansa, na juya baya na yi kukana. Muka dawo gida, Inna ta yi sadakar waina, maƙwabta suka yi ta shigowa barka, ni kuma na koma bakin turmi kamar ban je ko'ina ba.

Bayan kwana uku ina wanke-wanke, yaron nan na zaune yana wasa da ƙasa ya ba ni baya. Kwanon sha ya kuɓuce mini ya faɗi a kan dutse dab da shi, kaji suka watse, akuya ta zabura. Shi bai motsa ba. Na ɗauki kwanon na sake saki da gangan. Inna ta leƙo tana faɗa wai me ya same ni yau. Na tafa hannu a bayan kunnensa, yana ta tara ƙasarsa. Gwaggon mijina na zaune a ƙofar ɗakin Inna, ta zo barka, na gan ta sarai. Na buɗe baki na kira sunansa, cikakke, da ƙarfi, har sau uku. Inna ta saki abin da ke hannunta, gwaggo ta yi salati. Duk wanda ke gidan ya ji, har maƙwabta ta bayan danga sun ji. Shi kuwa bai juyo ba.