Garin da Ya Tashi da Sunansa

Taswirar tana hannuna tun lokacin da nake yi wa masu neman man fetur tafinta a gabashin Tanut. Ta zamanin Faransawa ce, takarda mai kauri da ta koma ruwan ƙasa. An zana tuddai da layuka masu lanƙwasa, kowace rijiya kuma da ɗan ɗigo shuɗi. Da suka samu na'urori sai suka yar da ita, ni kuma na naɗe na sa a adaka.

Na ga irinta a Aljeriya da Libiya. A can gari na dutse ne, inda aka zana shi nan za ka iske shi. A ƙasarmu ta Damargu kuwa, in rijiya ta ƙafe, mutane kan ɗauke jinkar ɗakunansu su yi gaba, su tafi da sunan garin.

Bara wana ya ce yana son ya tsaya a kan kabarin innarmu kafin idonsa ya ida rufewa. Muna yara aka kai mu Damagaram bayan rasuwarta, ba mu sake komawa garinmu ba. Muka ɗauki mota daga Gangara, direba ya bi taswirar wayarsa har ƙauyen da ke ɗauke da sunan namu. Wana ya sauka, ya ƙanƙance ido, ya dudduba.

"Nan ba garinmu ba ne. Ina tudun?"

Na ce, "Yaya, ko dai idon ne?"

"Idona ya mutu, amma bai haɗiye tudu ba. Kai sarkin yawo, fito da tsummar takardar nan taka."

Na shimfiɗa ta a gaban motar. Sunan yana nan, amma can arewa, a gindin wani tudu, kusa da ɗigon rijiya. Muka bi burtali har muka kai, muka iske gero ya cinye kufan duka, rijiyar ma ta cike.

Mai gonar ya jingine hauyarsa, ya saurari abin da ya kawo mu. Ya ja mu tsakiyar gona, inda aka bar wani fili ba shuka, sai ciyawa da ƴan itatuwan aduwa. Ya ce tun zamanin mahaifinsa ba a noma nan, makabartar mutanen da ce.

Ba wanda ya san wanne ne nata. Wana ya tuɓe takalmi, ya kama hannuna, ya ce in juya shi gabas. Ya daɗe a tsaye yana yi musu addu'a su duka.