An Gaya wa Shawish?

Duk wanda ya san surukina, Baba Haruna, ya san tambayarsa: "An gaya wa Shawish?" Baƙo zai zo, an gaya wa Shawish? Za a gyara katanga, an gaya wa Shawish? Shawish ɗin nan kuwa, duk da sunan na nufin saje, ba soja ba ne, jan kare ne mai yagaggen kunne da Baba ya taso da shi daga Gadambaliya, inda ya yi shekaru yana gadin gonar dawa. Da ya bar aikin ya dawo Gadarif, kowa ya ce a bar kare a gona. Baba ya ce tare suka yi aiki, tare za su huta.

Ni dai tsoron karen nake ji, ba na ɓoyewa. Da cikina na fari ya tsufa, mahaifiyata ta zo daga Shuwak don ta tafi da ni haihuwa. Tana ganin kare a tsakar gida ta tattare tufafinta.

"Alhaji, halas, magana ɗaya ce. Jariri ba zai shigo gidan da kare zai lashe shi ba. Ko kare ya koma gona, ko mai jego ta yi zamanta a wurina."

Mijina Usman ya sunkuyar da kai. Baba kuwa ya shafa gemu ya ce, "Kwayyis, Hajja, na ji. Amma ki bar min ita mako guda. Ba a gaya masa ba tukuna."

Washegari ya kwashi toka a murhu, don shi ba ya sayen abin da gida ke bayarwa kyauta, ya ja layi daga bakin rijiya har katanga. Ya tsuguna gaban karen ya yi masa bayani tiryan-tiryan: can naka, nan na baƙo. Kullum sai ya sabunta tokar, in Shawish ya tsaya a bakin layi ya jefa masa ɓawon kisra, gurasarmu ta dawa. Bai daɗe ba ya gane. Mutane ne suka rikice. Mai kawo mana madara ya iso layin ya ƙame, yana tambaya ko asiri aka binne.

Sai batun kabewa. Baba ya naɗe ta a zanena, ya miƙa wa Usman ya ce ya riƙa jijjigawa yana zagaya gida. Shi kuma ya laɓe a bayan rumfa yana kukan jariri, tsoho mai furfura, da iyakar ƙarfinsa. In Shawish ya yi haushi a sake daga farko. Ana cikin haka maƙwabciyarmu Hajja Sakina ta shigo da guɗa, ta karɓi zane tana mabruk, tana barka, ta buɗe ta yi ido biyu da kabewa.

"Ya Haj, hankalinka ɗaya kuwa?"

"Rufe shi, Sakina, yana kallonmu."

Kabewar ma ba ta tafi a banza ba, miya aka yi da ita. Sai dai Baba ya sa duk muka shige ɗaki aka rufe ƙofa. "Ku ci a ɓoye," in ji shi, "kada ya ga abin da muke yi wa jarirai a gidan nan."

Na haifi Nafisa a Shuwak. Bayan suna kowa ya koma da nama da dabino, Baba kuwa hular jaririyar ya roƙa, wadda ta kwana a kanta. Usman ya ce min kowace safiya sai ya kai wa karen ya shinshina daga nesa, yana cewa, "Ka ji ta? Tamu ce."

Ranar da na yi arba'in mahaifiyata ta rako ni, ta ce wa mai raksha, keken hayar da ya kawo mu, kada ya tafi, wataƙila da mu zai koma. Muka shiga. Shawish ya taso, ya zo bakin toka ya tsaya. Ya ɗaga hanci, ya kaɗa jela, ya kwanta. Nafisa ta tsala kuka, ko haushi bai yi ba. Mahaifiyata ta daɗe tana kallonsa, sannan ta leƙa waje ta sallami mai raksha. Baba ya juya wai hayaƙin murhu ya shigar masa ido, alhali ko wuta ba a hura ba.

Nafisa ta fara tafiya kenan Baba ya rasu. Bayan an watse daga zaman makoki, Shawish ya tare a bakin toka yana fuskantar ƙofa, ba ci ba sha, kowa ya shigo sai ya miƙe ya duba. Aka fara cewa a kai shi gona. Ina wanke-wanke abin ya faɗo min, har kwano ya suɓuce daga hannuna: ba wanda ya gaya masa.

Na ɗauki Nafisa, na tsallake tokar da ban taɓa tsallakewa ba, na tsuguna kamar yadda Baba yake yi. Na ce, "Shawish, Baba ya tafi, ba zai dawo ba. Kai kuma kana nan tare da mu." Ya dube ni, ya tashi a hankali ya je ya kwanta a ƙarƙashin rumfar Baba. Da yamma ya ci abinci.

Allah Ya jiƙan Baba Haruna. Yadda bai yarda a yi wa ko dabba ba-zata ba, Allah Ya sa albishir ne ya tarye shi.