Ɗigon Samnu a Allon Soumana

Soumana mutumin Tahoua ne. Ya yi shekara biyu a Yamai yana koyon gyaran kwamfuta da haɗa rezo, wato layukan intanet, aiki bai samu ba, ya hau mota ya yo arewa. A garin Sabha, bayan ya ƙetare hamada, guzurinsa ya ƙare. Wata uku yana tsayuwa bakin titi a unguwar Hajara yana jiran masu neman lebura, har ranar da wani dogon mutum mai suna Barka, shi ma ɗan Nijar, ya ɗauke shi don ya riƙe masa tsani. Da Barka ya ga yadda yake feɗe waya sai ya ce, "Ƙanena, kai ba lebura ba ne." Ya kai shi wurin Zuhair, mai wani ƙaramin kamfani da ke raba intanet ga shaguna da gonaki.

Barka ne ya koya masa allon. Manhaja guda ce ke nuna duka na'urorin kamfanin kamar taswira, kowace da ɗigonta: kore lafiya, ja matsala. Tana ajiye kwafin saitin kowace na'ura, kuma duk wanda ya taɓa ko layi ɗaya sai ta rubuta sunansa da lokacin. In abu ya ɓaci, sai a duba me ya canza, a mayar da saitin jiya, ba tare da an tashi daga kujera ba.

Bayan shekara guda Barka ya tafi gaɓar teku don ya ƙetara. Labarin da ya dawo shi ne kwalekwalensu bai isa ba. Zuhair ya ce a goge sunansa daga manhajar. Soumana ya amsa da to, amma hannunsa ya kasa.

Bayan shekara biyu, wata Laraba da azahar, rana ta kori kowa daga titi, yana shi kaɗai a ofis, sai ɗigon wata gona a Samnu ya koma kore. Wata takwas ke nan yana ja, tun da mai gonar ya daina amfani da layin. Soumana ya buɗe jerin canje-canje. Layi ɗaya aka taɓa, wurin da ake rubuta sunan na'ura. An share "Samnu 4", an sa "Talatou". Wanda ya yi canjin: Barka. Lokaci: minti biyu da suka wuce.

Talatou matar Barka ce, tana can gida.

Soumana ya mayar da tsohon saiti, ya ce wa kansa wani ne ya saci lambar sirrin Barka. Ya canza ta. Washegari da azahar sunan ya dawo. Ranar Asabar ma haka.

Da ya nuna wa Zuhair, mutumin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Je ka gani da idonka. Ni zan zauna gaban allon."

Ya shiga taksin haɗaka zuwa Samnu. Yousef, dattijon da ke gadin gonar, ya kai shi bayan dabinai, kusa da injin ban-ruwa. Akwatin na'urar na nan a kan sanda. Soumana ya hau ya buɗe. Wayar wuta a tsinke take, ɓeraye sun cinye ta, kuma rina sun yi gida a kan na'urar har gidan ya bushe. Ya ciro ta, ya riƙe a hannu, ya kira mudir, wato shugabansu Zuhair, a ofis.

"Mudir, me kake gani?"

"Kore ne," in ji Zuhair. "Yanzun nan ma aka sake shiga."

"Ga ta a hannuna. Ko waya ɗaya babu a jikinta."

Soumana yana jin ruwa na gudu a cikin kwalbatin shuka.

"Baba, wa ya ɗaura wannan akwati?" ya tambayi Yousef.

"Dogon nan, ɗan ƙasarku. Shi ne aikinsa na ƙarshe. A nan ya zauna yana ta neman matarsa a waya, bai same ta ba."

Da ya koma Sabha ya nemi lambar Talatou wurin direbobin Agadez. Shekara biyu yana gudun wannan kira. Ya gaishe ta, ya ce, "Yaya, ni ne wanda ya yi aiki da maigidanki." Ya faɗa mata abin da aka ji game da kwalekwalen, bai rage komai ba. Ashe ba wanda ya taɓa gaya mata kai tsaye. Ta yi salati, ta yi kuka kaɗan, ta ce, "Na gode. Na gaji da sauraron ƙofa."

Maganar allon bai yi mata ba.

Washegari, Zuhair na tsaye a bayansa, ya goge sunan Barka, ya cire Samnu 4 daga taswira. Zuhair har yau cewa yake wani ne ya ɗauki adireshin na'urar yana wasa da su. Soumana ba ya musu, ba ya kuma yarda.

Talatou ta yi takaba, ta koma wurin yayanta a Konni, tana ɗinki. Soumana yana nan Sabha, na'ura ɗari da ɗoriya a ƙarƙashin kulawarsa, kuma bara ya auri Mariam, mai sayar da abinci a bakin tasha.