Tafiyata Doguwa Ranar Baftismar Baba

Bebeji

Ƙarfe biyar saura kwata na asubahin Asabar na fito daga gidana a Bebeji, ko karyawa ban yi ba don ɗoki. Ran Laraba ne faston ƙauyenmu da ke bayan Doguwa ya bugo mini waya, ya ce, "Saratu, ki zauna tukuna kafin in faɗa miki." Wai mahaifinmu, Baba Nomau, wanda shi ke riƙe da tsafin gidanmu tun kafin a haife ni, ya ba da gaskiya ga Yesu. Za a yi masa baftisma Asabar da la'asar. Amma ya ce ba zai shiga ruwa ba sai Yaya Iliya yana tsaye a bakin rafi. Yaya Iliya kuwa, shekara goma sha tara rabonsa da gida, tun ranar da Baba ya kore shi saboda ya zama Kirista.

Kiru

Ɗan achaɓa ya sauke ni Kiru da ƙarfe shida da minti goma. Na tarar da Yaya a bakin rumfarsa yana jera kwandunan tumatir. Bayan mun gaisa na zayyana masa komai.

"Shi ya faɗa da bakinsa?" in ji shi.

"Fasto ba zai yi ƙarya ba, Yaya."

"Ke ba ki nan ranar. Ni na san abin da kunnena ya ji."

Na ce, "Ashe ba kai ne ka koya mini yi masa addu'a ba? Yau an amsa, sai ka tsaya kan tumatir?"

Ya ci gaba da jera kwanduna har na fara fid da rai. Can sai ya kira matarsa ya bar mata rumfa, ya shiga ya sako babbar riga. Na riƙe guɗa da ƙyar.

Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada

Takwas daidai muka sami bas a Kwanar Ɗangora. Direban, Malam Sani, ya ga na kasa zama wuri ɗaya, ya ce, "Hajiya, biki za ku ne?"

"Ya fi biki, Malam. Tsohonmu ne za a yi wa baftisma, ga kuma ɗansa zai gan shi bayan shekaru."

"To, madalla. Duk wanda ya iske mahaifinsa da rai ya gode wa Allah. Ku riƙe kujera da kyau."

Ƙarshen damina ne, masara da shinkafa sun rufe hanya dama da hagu. Goma saura muka shiga Tudun Wada, aka tsaya jiran fasinja. Na sayi waina da miya, na waiwaya ba Yaya. Na ce shi ke nan ya juya. Na zaga tasha sau biyu kafin in hango shi wajen mai goro.

"Fari Baba yake so," in ji shi, bai dube ni ba. "Ban sani ba ko zai karɓa daga hannuna."

Falgore

Sha ɗaya da rabi muka kama dajin Falgore. A shinge soja ya leƙo ya tambayi inda za mu, ya ɗaga mana hannu. Gaba kaɗan garken shanu ya tare titi, muka tsaya har suka gama ƙetarewa, wata Bafulatana ta sayar mana da kindirmo ta taga. Ni dai ji nake kamar in sauka in tura motar.

Doguwa da ƙauye

Ƙarfe ɗaya muka sauka Doguwa, achaɓa biyu suka kai mu ƙauye cikin minti arba'in, ta hanyar da ruwa ya cinye. Baba na zaune a gindin ɗorawar ƙofar gida, Fasto na gefensa. Ya tsufa ƙwarai. Kusa da shi an ɗaure wani baƙin bunsuru.

Yaya ya durƙusa. "Baba, mun same ku lafiya?"

Baba ya dube shi ya ce, "Kai ne? Matso." Ya karɓi goron, ya riƙe hannun bai saki ba. "Na yi maka laifi. Shi ya sa na ce sai ka zo. Kuma akwai tambayar da Fasto ya amsa mini sau uku, amma daga bakinka nake so in ji. Duk rayuwata ban taɓa roƙon komai hannu wofi ba. Ruwan sama, zakara. Haihuwa, akuya. Yanzu ga gafarar zunubi dungum. Wannan bunsurun zai isa?"

Yaya ya share hawaye ya ce, "Baba, ko garke kuka kawo ba zai isa ba. Yesu ya riga ya ba da kansa domin ku. Kyauta ce. Naku kawai ku miƙa hannu ku karɓa."

"Ko ni, da na kore ka?"

"Har ku. Ni ma na yafe."

Baba ya buɗe tafin hannunsa biyu ya ce, "To, na karɓa."

Da la'asar muka gangara rafi. Yaya ne ya riƙe shi har tsakiyar ruwa. Fasto ya tambaye shi ko ya gaskata Yesu Almasihu ne Mai Cetonsa, Baba ya amsa da ƙarfi har na tsallake suka ji. Da aka ɗago shi, guɗar da na riƙe tun Kiru ta ƙwace mini. Bunsurun kuwa, dambu da miya aka yi da shi, maƙwabta Kirista da Musulmi kowa ya ci.

Komawa

Ran Lahadi bayan sujada na yi shiri. Yaya ya rako ni bakin hanya ya ce, "Ki biya Kiru ki gaya wa matata sai na gama karyar masarar Baba zan dawo." Na biya na faɗa mata, na iso Bebeji ana kiran magariba, ni kaɗai, muryata a dishe. Na gode wa Malam Sani, na gode wa Fasto da bai gaji da amsa tambaya ɗaya ba. Godiya mafi girma kuwa ta tabbata ga Allah, wanda ya jira Baba har ya zo.