Iri Ne, Ba Kyauta Ba

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayan Rabi. Haka nake kiran sa, don ɗan farina ne, mu kuwa matan Damagaram na da ba ma kama sunan ɗan fari, ba ma yabon sa a gaban mutane. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Rabi ce, ƙanwarsa, ke riƙe da alƙalami, na kuma gaya mata kada ta sa wa maganata sukari.

Abin da ya tayar da ni, watan jiya na ji ana biki a rediyon garinmu. An zo da baƙi daga Yamai, an yanka rago, ana ta yabon daraktan gidan, Mushe Isufu (mushe shi ne malam a bakin masu Faransanci), wai shi ne mai hangen nesa da ya fitar da odinatar ɗin rediyo, injunan nan da wasu ke ce wa kwamfuta, daga bautar kamfani tun kafin kowa ya waye. Na kasa kunne har aka shafa fatiha. Ban ji an ambaci wanda ya yi aikin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, ga yadda aka yi, a kan idona.

Shekarar fari ce, wadda ruwa ya ɗauke alhali gero na bununi. Muna jiƙa anza kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita a ci. Rediyon nan kuwa a lokacin ba abin hira ba ne. Shi ke faɗin inda aka yi ruwa, da ƙauyen da za a sayar da hatsi da rahusa, da gaisuwar wanda ya tafi cirani Kano. Yayan Rabi shi ke kula da injunan. Wasu masu furoje, ƴan ƙungiyar taimako, ne suka kawo su, da wa'adinsu ya cika suka naɗe tabarma suka tafi. Ba a jima ba injunan suka fara neman makulli, wai lisans, kuɗin da ake biyan kamfanin da ya ƙera hankalin da ke cikinsu. Ashe inji naka ne, abin da ke motsa shi na aro. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Aka koma sayen faifan sata wajen ƴan kasuwar Kano. A sa yau, gobe wasu ƙwari da ido ba ya gani su cinye muryoyin da aka ɗauka, kamar yadda suke yi wa wake a buhu.

Sai yayan Rabi ya ce zai zubar da na kamfanin ɗungum, ya zuba wani mai suna Linuks, wanda mutane barkatai a duniya suka taru suka yi, kamar aikin gayya. A tsakar gidana ya fara gwadawa, a kan wani tsohon inji da aka yar. Da ya kunna sai ga hoton wani tsuntsu mai tumbi a zaune. Na ce, "A shekarar nan ina ka samo mai ƙiba haka?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, wannan ba mai kulle maka shi. Ka buɗe cikinsa ka gani, ka gyara, ka ba maƙwabci, shi ma ya ba wani. Da Faransanci libir ake ce masa."

Na ce, "Da Hausa fa?"

Ya ce, "Na kyauta."

Na ce, "Kul. Kada ka ce kyauta a garin nan bana. Abin da ka kwatanta mini iri ne. Ka ce musu iri."

Ƴan birni ba lalle su gane bambancin ba. Kowace kaka manomi yakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta daban, ya kai ta can ƙuryar rumbu. Ko yunwa ta kai ina ba a cin ta. Kuma ba a hana ta. Wanda ya zo roƙon iri ana ba shi ko da ba kwa ga-maciji, shi ma in ya girbe ya fitar ya ba wani. Kyauta kuwa, a wannan shekarar, sunan dawar taimako ce mai wari, wadda ake jan layi cikin rana a karɓa da kai a sunkuye. Magidancin da ya wuni a layin kyauta ba ya son a sake faɗa masa kalmar da yamma.

Bai ji ba. Ƴan lakwal gani suke kalma daidai take da ƴar'uwarta muddin littafi ya ce haka. Ya je taron ma'aikata ya ce na kyauta ne. Mushe Isufu ya ce, "To, mu ma an sa mu a layi ke nan. Araha ma ba ta ado, balle kyauta." Aka kwashe da dariya. An bar shi ya yi, don ba abin sayen lisans, amma daga ranar ya zama Ɗan Kyauta. Har masu tallan ƙosai da shi suke kiran sa.

Zuba sabon bai ba shi wuya ba. Neman madadi ne ya rame shi. Kowane aiki da kayansa: na rubuta takarda, na yanke murya a haɗa, na jera waƙa da sanarwa. Na kamfanin duk sun bi uwarsu. Yakan shiga mota daga nan Mirriya zuwa birnin Damagaram, ya wuni a siber, shagon intanet, yana jawo su kaɗan-kaɗan kamar mai ɗiban ruwa a rijiyar da ta ja baya. Wuta ta ɗauke, ya sake daga fari. Ya dawo da su a faya-fayai masu ƙyalli, kowanne biyu-biyu. Na ce, "Faifan naka ko ƙwarya ba ya rufewa." Ya ce, "Naki kuma ba ya magana."

Na rubutu bai yi nisa ba ya same shi. Na murya ya gwada wannan ya yar, ya gwada wancan, sai da ya sami wanda ya zauna. Ya kuma gyara wani abu da hannunsa wanda na kamfanin bai taɓa yi musu ba, wato haruffanmu masu lanƙwasa. Kafin nan mai sanarwa ya taɓa karanta wa duniya cewa baki ya cika gidan maigari, alhali baƙi ne suka sauka.

Abu ɗaya ya tsaya masa, injin buga takarda. Ya ƙi jin maganar sabon. Yana cikin nema sai ga ranar da ake son buga sanarwar sayar da hatsi a aika ƙauyuka, inji ya yi gum. An rubuta da hannu, an aika, ba wanda ya rasa tiyarsa. Amma Mushe ya sami abin da yake jira. A gaban kowa ya ce, "Kun ga amfanin kayan kyauta." Aka sallami yaron, aka mayar da faifan Kano.

Ya dawo gida. Abin mamaki, bai daina zuwa siber ba, sai da ya samo maganin injin takardar da aka kore shi dominsa. Bazara ta zo da sanƙarau, ya kwanta bai tashi ba. Ban ce Mushe ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma ya shiga kabari da sunan da ba ubansa ya raɗa masa ba.

Bayan sadakar arba'in sai ga Mushe Isufu a ƙofa. Ƙwarin nan sun sake cinye injunan, rediyo ya yi shiru, ga hadari ya fara haɗuwa, manoma na jiran labarin ruwa. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ya haƙuri?" Ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Ko marigayi ya bar wasu ƴan faya-fayai?"

Na ce, "Waɗanne? Na kyautar?"

Ya kafa ido a ƙasa. Rabi ta matse mini hannu ta ce a hankali, "Kada ki ba shi." Raina ma abin da ya ce ke nan. Amma na shiga rumbu, inda na ɓoye su a gindin damin iri, na raba biyu, na miƙa masa kashi ɗaya, har da na injin takardar.

Na ce, "Karɓi. Ba don kai ba ne, kuma ba kyauta ba ce. Iri ne, ba a hana shi. In an tambaye ka, ka faɗi gonar da ya fito."

Ya ce, "In sha Allahu, Inna."

Har yau ina jiran wannan in sha Allahu.

Yanzu kowa libir yake cewa, da baki a karkace. Ana tasowa daga Yamai ana koyar da shi a otel, da lemo a kan tebur. Da Faransanci ya zama ado, da Hausa ya zama abin kora. Nakan ce, da yayan Rabi zai leƙo yau, me zai ce? Na san halinsa, murna zai yi. Zai ji cewa abin ya kai wata lakwal wajen Hamdara, ya kai wani biro, wato ofis, a Takieta, ba zai tambayi sunan wa aka ambata ba, sai dai ko injin takarda na aiki. Abin da zai ɓata masa rai dabam ne: kowa da waya a hannu wadda ba ya iya buɗe cikinta, da manoman da suka bar ɗaure zangarniya suka koma sayen iri a leda kowace shekara. Shi mai sanyin zuciya ne. Ni ba ni da shi. Anza ana jiƙa ta ɗacin ya fita, nawa ya sha ruwan shekaru yana nan.

Me ya rage daga gare shi? Faya-fayan da ke wurina Rabi ta ce sun tsufa, ba injin da zai karɓe su yanzu, jikokinsu ne ke aiki. Ban damu ba, haka iri yake, ba zangarniyar farko ake nema ba. Amma ko gero akan kira shi da sunan wanda ya kawo shi gari. Aikin ya tsira, sunan ne ya ɓata. Masu bakin faɗa sun ƙi faɗa, ni kuma da ke so, kunyar ɗan fari ta rufe mini baki. Na riƙe ta yana raye, na riƙe ta a kan gawarsa, ina cewa wasu za su faɗa a madadina.

Rabi ta ce in bari ta rubuta sunan da kanta, in huta. Na ce a'a, daga bakina za ki ɗauka.

Wanda ya shuka abin da kuke ci sunansa Mutari. Mutari, ɗana.