Kurnar Inna a Nasarawa

Ina durƙushe a wani lungu na Nasarawa, nan Birnin Kebbi, ina saita kyamara. Wata tsohuwar kurna na gani, ta leƙo ta kan katangar ƙasa, sababbin shaguna sun matse ta hagu da dama. Abin da ya fi burge ni shi ne busassun ganyen da suka zube a gindinta.

Kafin in danna, sai wata dattijuwa ta fito daga zauren gidan da tsintsiya.

"Dakata, ɗana! Kada ka ɗauka tukuna."

Na gaishe ta, na ce, "Inna, ai ganyen nan nake so a hoton. Su ne adon."

Ta dube ni kamar na faɗi saɓo. "Wanga icce maigidana ya dasa shi, Allah ya jiƙan shi. An sayar da gidan, masu shago za su sare shi. In hotonka ne zai rage, ba ya shiga duniya da shara."

Na sauke kyamarar. Ta share wurin tsaf, har ta yayyafa ruwa, sannan ta koma gefe ta gyara mayafi ta ce, "To, bismilla."

Hoton da na fito nema ban same shi ba. Wanda na samu, sawun tsintsiyarta ne kwance a ƙasa, kuma na kasa daina kallonsa.

Ku fa, wane icce ne a unguwarku ya tafi ba wanda ya share masa gindi?