Alƙalamin da Ba a Fiƙewa

Hasken na fara gani. Wata Asabar na fito daga shagon da muke sayen daddawa a titin Gate City Boulevard, nan ƙasar Turawa da muke zaune, sai wani abu ya ƙyalla a kan tebur a filin ajiye motoci, inda masu sana'ar hannu ke baje kaya. Na zaci 'yan kunne ne. Da na matsa sai na ga alƙaluma na gilashi zalla, shuɗi da kore da ruwan zuma, bakin kowanne a murɗe.

Mai teburin ya dubi mayafina ya ce, "Hajiya, taɓawa kyauta ce."

Hausarsa ta zangon Kumasi ce. Ni kuwa 'yar Maraɗi, na girma ina karɓo hayar littattafan soyayya, inda saurayi ke zuwa da doguwar mota yana ƙamshin turare. Wannan duk yatsunsa tabon ƙuna ne. Ya tsoma alƙalami a tawada, na ga ta haye cikin siraran tsagogin da ke bakinsa ita kaɗai, ya miƙo mini. Na cika kusan rabin shafi ban sake tsomawa ba. Na koma gida na kasa cin tuwo.

Gareji yake haya a McLeansville. Can nake zuwa tare da matar kawuna, ta zauna a mota tana waya, ni ina kallon sa. Yakan kara sandar gilashi a shuɗiyar wutar gas har ta yi laushi, ya ja, ya murza a hankali ba ya ko numfashi. Idan ya gaggauta sanyayawa, sai ta tsage. Kakarsa fataucin duwatsun ado na gilashi ta yi, shi kuma a nan ya koyi aikin a wurin wata tsohuwar Baturiya. Ita ta gaya masa wai wani mai ƙera ƙararrawar iska a Japan ne ya fara yin irinsu. Na riƙa hango mutumin nan, na ba shi fuskar saurayina.

Ranar da ya zo gaida kawuna, wanda ke riƙe da ni tun zuwana, ya kawo masa mafi kyawun abin da ya taɓa yi. Kawu malami ne, da alƙalamin gamba ya yi rubutu duk rayuwarsa. Ya jujjuya kyautar, ya jawo allo, ya danna kamar yadda ya saba.

"Bakin ya yi kauri," ya ce, ya ciro reza daga aljihu.

"Baba, ba a fiƙe shi..."

Ƙas! Kan ya ɓalle ya faɗa kan darduma.

Kawu bai ji kunya ba ko kaɗan. "To ka gani. Abin da ba ya jure hannun dattijo, shi zai riƙe maka gida? Bon, to, yaro, ba na ƙin ka. Ka bar wasan wutar nan, ka nemi aikin sito a Wendover kamar kowa, in ba ka ita."

Matar kawu ta leƙo daga kicin. "Alhaji, kai ka fasa fa."

"Da ƙarfe ne da ya fashe?"

Aka yi dariya, har da saurayina. Ina bayan labule ina saurare, na kuma san wannan wurin a littafi: nan ne saurayi ke barin komai saboda masoyiyarsa. Kuma ya bari. Ya mayar da mabuɗin gareji, ya ba wani ɗalibi kayan aikin. Ƙawayena suka yi ta cewa ba su taɓa ganin so irin wannan ba. Ni ma haka na ɗauka.

Littattafan nan a ranar biki suke ƙarewa. Babu wanda ya gaya mini yadda mutum ke zama idan ya dawo daga ɗaga kwalaye, ya zauna gaban talabijin hannuwansa a kan gwiwa. Na ce ya sake neman gareji, ko ranar Lahadi kawai. Ya ce, "Ba ke kika so aure ba?" Na sake tayar da maganar bayan haihuwar 'yarmu, ya tashi ya bar mini ɗakin. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Hira ce dai ta ƙare.

Yanzu shi ne shugaban sashe a siton. Ya yi ƙiba, ya je Makka, Alhaji ake kiran sa, a sahun gaba yake salla. Bara wani saurayi mai sassaƙa cokulan katako ya nemi 'yar maƙwabtanmu, aka kawo shi wurin mijina neman shawara. Ina jin su daga kicin. Ya ce wa yaron, "Ka bar wasan nan, ka zo ran Litinin, akwai gurbi a shif ɗin safe."